Falo Ya Yi Sanyi, Ɗakin Yara Yana Turiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haya a saman wani bene a Agege, falo da ɗakuna biyu. Na sa esi mai doki ɗaya da rabi a falo, kuma yana sanyaya shi yadda ya kamata, amma ɗakin yara, wanda tagarsa ke kallon yamma, zafi yake yi har tsakar dare ko da mun bar ƙofarsa a buɗe. Mai gyara ya ce in sayi mai doki biyu. Shin wannan zai magance matsalar? Daga wani magidanci, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayen, domin ba ƙarfin na'urarka ne ya gaza ba. Irin esin da ake maƙalawa a bango an yi shi ne don ɗaki guda: yana zuƙar iskar da ke kusa da shi, yana auna sanyinta, da ta kai matakin da aka saita sai ya sassauta, ba tare da ya san halin da ɗakin yara ke ciki ba. Mai doki ɗaya da rabi yana ba da kusan BTU 12,000 a awa (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawar esi ne), mai doki biyu kusan 18,000, amma ƙarin a falo zai tsaya. Sakamakonsa shi ne ku riƙa neman bargo a falo, mita tana ta cin kuɗi, yara kuwa suna kwance cikin gumi.

Zafin ɗakin ta hanya biyu yake shiga. Daga azahar zuwa bayan la'asar rana tana dukan bangon yamma da tagarsa kai tsaye, bulo da siminti kuma suna riƙe zafin su riƙa sakinsa sannu a hankali bayan magariba. Ga kuma rufi a bisa kanku, wanda ko kwano ne ko kankare, ya wuni yana shan rana, alhali mazauna ƙasan benen kuwa, ku ne inuwarsu. Laimar Legas tana ƙara tsananta abin, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, saboda iska mai ɗanshi ba ta busar da gumi, shi ya sa zafin digiri 32 a nan yake iya damun mutum fiye da wanda ya ɗara shi a Kano.

Saboda haka a fara da tare ranar tun daga waje. Ƙaramar rumfa ko asabari a bayan tagar ya fi labule amfani, domin labule yana tare hasken ne bayan zafin ya riga ya ratsa gilashi. Duk da haka labule mai kauri da farin baya ya fi babu. Sannan ka nemi mai gidan ku yi magana a kan rufin. Idan kwano ne, a shimfiɗa abin hana zafi a kan silin, a kuma buɗe ƙananan kafofi masu raga don zazzafar iskar da ke tsakanin silin da kwano ta samu mafita. Idan kankare ne, farin fenti a samansa yana rage zafin da yake sha. Masu gidaje a Legas ba su cika son taɓa aljihu ba, don haka ka tafi da shawarar a raba kuɗin ko a cire daga haya.

Da dare kuma ka zaɓi ɗaya. Idan esi na aiki, ka rufe tagogi, ka ajiye fanka mai tsayuwa a bakin ƙofar ɗakin tana tura sanyin falo ciki ta ƙasa, zafin zai fito ta saman ƙofar. Idan babu wuta, ka buɗe tagar ɗakin da wata da ke ɗaya ɓangaren gidan, domin iskar teku daga kudu maso yamma take kaɗowa, kuma ba ta shiga inda ba ta da mafita. Ka duba ko akwai firiza a ɗakin ko janareta a gindin tagar, su ma zafi suke fitarwa.

Ka riƙa wanke rariyar esin duk mako biyu zuwa huɗu, ka saita shi a 24 ko 25, domin saukar da shi zuwa 16 ba ya sa sanyi ya yi saurin zuwa. Idan bayan duk wannan ɗakin bai saitu ba, kuɗin da za ka kashe a kan mai doki biyu gara ka sayi mai doki ɗaya ka sa wa yaran a ɗakinsu, bayan mai aikin lantarki ya tabbatar wayoyin gidan za su ɗauki nauyin biyun.