Faɗuwar gaba da rashin barci: raunin imani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Terminus, ina zaune a Anguwar Rogo, Jos. Kwanan nan gabana yana yawan faɗuwa, barci ya ƙaurace mini, musamman in na tuna kayan da na karɓa bashi a hannun ubangidana. Abokaina sun ce raunin imani ne da rashin tawakkali. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ba ka da zunubi, kuma abokanka sun yi gaggawar yanke hukunci. Annabi Musa (AS) ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 67. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Wa zai ce imaninsu ya raunana? Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da ƙaddara da yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Sau da yawa damuwa ɗan aike ce, sai a saurari saƙon da ta kawo. Taka ta riga ta ambaci sunan matsalar: bashi. Dubi addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA), inda Manzon Allah (SAW) yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, a cikinta kuma ya ambaci nauyin bashi. Ka lizimci wannan addu'a, amma ka haɗa da aiki. Buɗe littafin cinikinka ka lissafa abin da ake binka, ka je wurin ubangidanka da ƙafarka, ka gaya masa gaskiya, ku rubuta wa'adi kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Kashe waya da kauce wa layin shagonsa ƙara wa zuciya nauyi suke yi, kuma ba tawakkali ba ne.

Idan kun daidaita amma bugun zuciya da rashin barci suka ci gaba, ko fargaba tana taso maka ba dalili, to ka ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can halal ne, domin Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama bin Sharik. Ina roƙon 'yan'uwa su daina kunyata mai wannan lalura, domin kunyar ce take hana mutane da yawa neman taimako.

Allah Ya biya maka bashinka, Ya yaye maka. Wallahu a'alam.