Ga mai ƙorafin an mayar da shi ɗan amshi

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce tun da ka shigo wasan barkwanci kullum kai ake ba uba, ko alƙali, ko mai shago, wani ya zo ya yi ta shirme a gabanka, jama'a su kwashe da dariya, a watse ana kiran sunansa, kai ko oho. Kana tambaya yaushe za a daina mayar da kai ɗan amshi. Ba zan lallashe ka ba. Akwai wani mutum da na daɗe ina nazarin aikinsa, bari in ba ka labarinsa sai ka auna.

Sunansa Phil Hartman. An haife shi a garin Brantford na lardin Ontariyo a Kanada ranar 24 ga Satumba, 1948, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya takwas. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka. Zane ya karanta a jami'a a Kalifoniya, da shi kuma ya fara neman abinci, yana zana bangon faifan mawaƙa. A 1975 ya shiga ƙungiyar Groundlings ta Los Anjeles, inda ake koyon wasan da ba a rubuta ba, a jefo maka magana ka cafe nan take. A can ya taya abokinsa Paul Reubens gina Pee-wee Herman, wani ɗan barkwanci da Reubens ke fitowa a matsayinsa, har da Hartman aka rubuta fim ɗinsa da ya fito a 1985. Reubens ne ya yi suna. Hartman kuwa sai a 1986, yana da shekara 38, aka ɗauke shi a shirin barkwanci na talabijin mai suna Saturday Night Live. Kai da kake ganin ka daɗe, lissafa daga 1975.

Sai ka san yadda shirin yake kafin ka gane darajarsa a ciki. Wani ɗan Kanada ne, Lorne Michaels, ya ƙirƙiro shi a 1975, tashar NBC ke nuna shi kai tsaye daga New York da ƙarfe 11:30 na daren Asabar. A mako guda ake dafa komai. Talata a kwana ana rubutu, Laraba a zauna a karanta gajerun wasanni masu yawa a zaɓi kaɗan, Asabar da daddare a gwada gaban 'yan kallo, a yanke wasu, a sauya wasu, sannan a hau iska. Babu darakta mai cewa a sake ɗauka. A irin wannan wuri marubuci ba gwanin tsalle-tsalle yake nema ba, yana neman wanda in an miƙa masa layi uku na alƙali zai faɗe su daidai, a lokacin da ya dace, ko da minti goma da suka wuce aka sauya su. Shekara takwas Hartman ya yi a nan, ya fito a matsayin mutane sama da 70, abokan aikinsa suka laƙaba masa suna "Gam", don shi ke riƙe wasa kada ya wargaje.

Nemi wasan da suka yi a watan Mayu na 1993. Wasu iyaye ne suka ɗauko mai ba matasa shawara ya ja wa 'ya'yansu kunne. Chris Farley ne mai shawarar, ƙato, yana ihu, yana ta jan wando sama, daga ƙarshe ya faɗa kan teburin falo ya ragargaza shi. David Spade da Christina Applegate da suka fito a 'ya'yan sun kasa riƙe dariya, suna ta rufe baki. Hartman ne uban. Duniya Farley take tunawa a wannan wasa, kuma ya cancanta. Amma ni na fi kallon uban. Shi ya buɗe wasan cikin natsuwa, ya gabatar da baƙon kamar mutumin da ya yarda ya yi wa iyalinsa gata. Da shi ma ya shigo yana karkace baki, da haukar Farley ba ta da abin da za a auna ta da shi. Mai kallo yana dariya ne don ya ga gidan mutane masu hankali da bala'i ya faɗo cikinsa, kuma wanda ya sa gidan ya zama gida shi ne uban nan da kake raina rol ɗinsa.

Kada ka ce don bai iya jan wasa ba ne. A Disambar 1986, lokacin da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta dabaibaye gwamnatin shugaban Amurka Ronald Reagan, ya fito a shugaban: gaban baƙi tsoho ne mai sanyi da mantuwa, da zarar an rufe ƙofa sai ya rikiɗe ya zama uban makirci, yana lissafin kuɗi da ka, yana Larabci a waya. Mutum biyu a jiki ɗaya, kuma sauyin a kafaɗa da ido yake farawa kafin ya buɗe baki. Kwaikwayon Bill Clinton da ya yi a 1992, yana bayanin siyasa a gidan abinci na McDonald's yana cinye wa mutane abincinsu, shi ma ya yi tashe. Wanda ya iya sauraro a ƙaramin rol shi ne in an ba shi babba bai ruɗewa.

Akwai hasara a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Mike Myers da Adam Sandler da Farley, duk abokan aikinsa ne, sun zama jaruman manyan finafinai. Shi yawanci maƙwabci ko wani jami'i ake ba shi a fim. Sai dai bai taɓa zama ba aiki ba. Ya samu kyautar talabijin ta Emmy a fannin rubutu a 1989 tare da marubutan shirin, ya yi muryar Troy McClure da lauya Lionel Hutz a shirin katun na The Simpsons, da ya bar shirin Asabar a 1994 kuma ya shiga wani shirin barkwancin talabijin, NewsRadio, a 1995. Ranar 28 ga Mayu, 1998, matarsa ta harbe shi a gidansu da ke unguwar Encino ta Los Anjeles, sannan ta kashe kanta. Shekararsa 49. Masu The Simpsons ba su nemo wani ya gaji muryoyinsa ba, ajiye mutanen biyu suka yi gaba ɗaya. Kanada ta sa sunansa a titin karramawarta na Toronto a 2012, Holiwud ta bi baya a 2014.

Yanzu kai. Na kalle ka a gwajin da kuka yi makon jiya. Duk sa'ad da abokin wasanka yake magana kana zare ido kana murguɗa baki, kana neman a raba dariyar da kai, shi ya sa wurin ya yi tsit. Sannan kana faɗa masa cikin dariyar da ya samo, layinka ya nutse, ba wanda ya ji. Bari dariya ta hau ta fara sauka, kafin ta mutu sai ka sako naka. Mai shagon nan kuma ka ba shi abin da ya dame shi, ko bashi ne ko ciniki da ya ƙi, ya riƙa tunaninsa yayin da ake masa shirme.

Kafin Alhamis ka kalli wasan 1993 ɗin nan ba murya, idonka a kan uban kaɗai. In ka zo za mu sake sin ɗin shagon tun daga farko, kuma kai ne mai shagon.