Laulayi ya hana ni cin komai, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina na fari ne, wata biyu da 'yan kwanaki. Tun sati na shida nake fama da tashin zuciya safe da dare. Ƙamshin girki ma amai yake sa ni, ga tsartar da yawu. Surukata ta ce haƙuri kawai zan yi, haka kowace mace ta yi. Ina tsoron kada abin da ke cikina ya cutu tunda ba na cin abinci. Wata ƙawata ta ce in sayi maganin amai a kemis. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah ya raba lafiya.

Surukarki ta yi gaskiya ta wani ɓangare. Cikin mata goma masu juna biyu, bakwai zuwa takwas suna laulayi. Yakan fara wajen sati na 6, ya yi tsanani daga sati na 9 zuwa na 10, sannan ga yawancin mata ya lafa tsakanin sati na 14 da na 16. Ke nan kina dab da ƙololuwarsa yanzu. Sinadaran da mahaifa ke zubawa a jini ne ke kawo shi, musamman hCG, wanda shi ne gwajin ciki na fitsari ke ganowa, da wani mai suna GDF15 da bincike ya ƙara fito da rawarsa a 2023. Ba ragwanta ba ce, ba shagwaɓa ba ce. Game da ɗanki kuwa, ki kwantar da hankali: a wannan lokaci bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, abin da yake buƙata kaɗan ne, kuma yana ɗiba daga ajiyar jikinki. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Idan ruwa yana zama a cikinki, sauran da sauƙi.

Inda na rabu da Hajiya shi ne batun haƙuri kawai, domin akwai dabaru. Babba a cikinsu: kada ki bari cikinki ya zama wayam. Yunwa na tayar da zuciya, tashin zuciya ya hana ci, rashin ci ya ƙara yunwa. Ki ajiye busasshen biskit, gurasa ko gasasshen burodi kusa da matashinki. Da kin farka ki ci kaɗan tun kina kwance, ki ɗan jira minti goma sha biyar kafin ki miƙe. Daga nan ki riƙa ɗan taɓa wani abu duk bayan awa biyu, ko da loma huɗu ce. Farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, kunun tsamiya mara yaji, dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa idan zuciyarki ta karɓa. Ki ɗan jingine soye-soye da miya mai maiƙo da yaji. Abinci mai sanyi ya fi shiga, saboda tururi ne ke ɗauko ƙamshi ya kai hanci. Kada ki damu da cewa abincin bai cika gina jiki ba, za ki rama idan laulayin ya wuce.

Ruwa kuma kurɓa ake yi, ba kwankwaɗa ba, kuma tsakanin cin abinci, ba tare da shi ba. Wasu sai da sanyi ko 'yar matsin lemon tsami yake zama musu. Ranar da aman ya yi yawa ki haɗa ruwan gishiri da suga na leda, wato ORS. Bayan amai ki kurkure baki da ruwa, ki jinkirta goge haƙori, don tsamin ciki na lalata su. Yawun nan ma daga laulayin yake, ki tofar da shi, ba komai.

Citta tana taimakawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace ta tare da bitamin B6 a shawarwarinta na awon ciki na 2016. Ki yanka ɗanya kaɗan ki jiƙa a ruwan zafi, kamar kofi biyu a rana. Idan tana sa ki ƙwannafi ki rage. Amma kanwa, farar ƙasa da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, ki bar su ko da kwaɗayi ya matsa. Maigida kuma yana da nasa aikin: soya albasa, daddawa, turaren wuta da hayaƙin janareta su yi nesa da ke, wani ya karɓi girki na 'yan makonnin nan. Ki nuna masa wannan amsar.

Maganin kemis kada ki saya da kanki. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu laulayi wani magani, thalidomide, a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe, aka haifi dubban yara da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Watanni ukun farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓi. Akwai magungunan amai da aka daɗe ana ba masu ciki lafiya, likita ko ungozoma ne za su zaɓa miki. Idan kin fara ƙwayar ƙarin jini kuma tana tayar miki da zuciya, ki gwada shanta da dare, ko ki faɗa musu a sauya. Folik asid dai, wato ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki, idan kina sha kada ki daina, a farkon ciki ne ya fi amfani ga lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa.

Sai abin da nake so ki riƙe da kyau. Akwai laulayi mai tsanani da ke samun mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari, wanda sai an kwantar an yi ƙarin ruwa. Idan kika yini kika kwana ko ruwa bai zauna ba, ko fitsarinki ya ragu ya yi ja, ko jiri na ɗibarki idan kin miƙe, ko kika ga jini a amai, ko kina ramewa a fili, to asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Haka idan akwai zazzaɓi, ciwon mara ko zafin fitsari, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara na ɓuya a bayan laulayi. Na sha ganin masu cikin fari da aka kawo a galabaice saboda kunyar a san suna da ciki ta hana su magana, kuma abin yana ci mini rai. Idan azumi ya same ki a wannan hali, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame.

Tunda ba ki ambaci awo ba, ina zaton ba ki fara ba. Ki je cikin satin nan, a auna nauyinki, a gwada jini da fitsari, a yi hoton ciki, don wani lokaci tagwaye ne ke tsananta laulayi. Kafin ki tafi ki lura sau nawa kike amai a yini da sau nawa kike fitsari, su ne abin da za a fara tambayarki.