Ka koyar da Shaihu Umar, amma littafin darasinka ya kwana a jakarka

Ɗana, ka ce shugaban makarantarku na tsoron iyaye su ce kana ɗura wa 'ya'yan Kirista littafin Musulmi idan ka shigo da Shaihu Umar aji, kana kuma tambaya ko ka tsallake juyin mulkin 1966. Batun tsara darasi ba zan ɓata yawuna a kansa ba. Wanda ya fito kwalejin horon malamai bai iya wannan ba, ya koma sayar da katin waya.

Ka koyar da shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta, ya fito a 1934: an sace yaro, ya ƙetare hamada, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Ka buɗe Farawa sura 37 a Littafi Mai Tsarki kusa da shi, inda 'yan'uwan Yusufu suka sayar da shi azurfa ashirin, ka bar yaran su gano da kansu inda labaran suka haɗu da inda suka rabu. Daga nan ka zarce 15 ga Janairu 1966, domin a juyin mulkin nan aka kashe marubucin, aka kuma kashe Sardauna a gidansa nan Kaduna. Ka kwashe yaran ku je Arewa House, gidan Sardauna da ya zama cibiyar tarihi, su gani da idonsu.

Haka nake yi tun ba a haife ka ba, duk na rubuta da hannuna a wani babban littafi. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, mai makarantar dattijo ne a ikilisiyarmu, kujerarsa a gaba. Wata rana ya kira ni ofis, har da shayi, wai in kawo littafin a buga a kwamfuta kada gara ta ci. Aka tafi hutu aka dawo, sai ga shi da bango mai sheƙi, sunan mutumin nan ɓaro-ɓaro a kai, nawa ko a shafin godiya babu. Dole kowane ɗalibi ya saya, alhali ina bin sa albashi. Da na yi magana sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, aikin Ubangiji ne, ladanka na sama." Nasa ladan kuwa a banki ya karɓa.

Kuɗin na bar wa Allah. Yankan da ya yi wa aikin ne ke ci mini rai har gobe. Kisan da aka yi wa Inyamurai a Arewa a 1966 ya bar shi cif. Shafin da na nuna cewa Manjo Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, Kirista ne haifaffen Kaduna, ya cire. Duk abin da zai kunyata maƙwabci ya bari a ciki, wanda zai kunyata mu ya share, ya ce wai tarihi ne bisa bangaskiya. Littafi Mai Tsarki da bai ɓoye zunubin Dauda da matar Uriya ba? Yara suka fita da rabin labari, a garin da ya ga abin da ya gani a rikicin addini na 2000.

Ku malaman yanzu, abin da ke ba ni haushi da ku, littafin da bai kai kaurin yatsa ba sai kun nemi taƙaitawarsa a WhatsApp. Ka karanta shi daga bango zuwa bango kafin ka tsaya gaban 'ya'yan mutane. Idan shugaban naku ya nemi ganin abin da kake koyarwa, a ba shi kujera a bayan aji. Idan ya ce a kawo a buga, ka ce Baba ya hana.