Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoto a Rumsiki

Tambaya: Malam, muna son kai yara Rumsiki, ƙauyen nan mai duwatsu a arewacin Kamaru, a hutun Disamba. Maigida ya ce wayar hannu ta isa ɗaukar hoto. Haka ne? Daga wata uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, waya ta isa. Hazo ne abin jin tsoro. A Disamba iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Cadi, sai duwatsun Kapsiki da ke kewaye da Rumsiki su dushe kamar an lulluɓe su da farin mayafi. Na taɓa tsayawa gaban dogon dutsen nan mai tsini da tsakar rana, hoton ya fito fari fat, har yau abin yana mini ciwo. Da ni ne, da Nuwamba zan je, sararin sama na nan garau bayan damina. In Disamba ta zama dole, ku kwana can, ku fito da sanyin safiya, rana tana bayanku. Ku goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi.

A sa wa yara rigar sanyi, daren tsaunin Mandara ba wasa. A Makolo, garin da ke kan hanyar Rumsiki, ku tambayi direbobi lafiyar hanya, yankin bakin iyaka ne. Kada ku ɗauki hoton masu saƙa ko ginin tukwane sai kun gaisa kun nemi izini.