Amsa ga Hajiya mai tambaya kan ƙarin ruwan ketamin

Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba mai gida lahiya. Na ga tambayarki tun jiya da dare, kin ce shekara biyu ke nan da karayar ƙafarshi, ƙashi ya kama amma ƙafar ba ta bar ƙuna ba, kuma wani ya ce muku akwai ƙarin ruwan ketamin, maganin nan na sa barci wurin tiyata, har ya yi tayin shi zai samo kwalbar ya zo ya sa mishi a gida. Da na so in yi shiru tunda ni ba likita ba ne, tela ne, amma abin da kika kwatanta na sha shi a hannuna na dama, hannun almakashi ma.

Ni moto ce ta kada ni bisa hanyar Tibiri, wuyan hannu ya karye. Bayan anka kwance ɗori sai hannun ya zama kamar ba nawa ba, yau ya kumbura ya yi sheƙi, gobe ya yi sanyi ƙalau, ga zuhwa shi kaɗai, ga raɗaɗi kamar an tsoma shi cikin garwashi. Lokacin hunturu in iska ta buge shi sai na yi hawaye, hannun riga ma ban iya bari ya taɓa. An yi radiyo, wato hoton ƙashi, an ce ƙashi lahiya lau. To daga nan kin san mutanenmu, wanga ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne na abokan sana'a, na sha rubutu, na sha turare, na sha diklofenak har cikina ya fara ciwo, tramol kuwa Allah ne ya tsare ni ban zarce ba don har na fara ƙirga awa ina jiran lokacin sha.

A Kano wani likita ya ba ciwon suna, CRPS, namu na nan masu faransanci suna ce mishi algodistirofi. Yadda ya fahimtar da ni, rauni ya warke amma jijiyoyi da laka sun saba kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa, kamar kare ne da ɓarawo ya daɗe da tahiya shi ko yana ta haushi. Akwai wasu ƙofofi a jikin jijiya da ake kira NMDA, su ke ƙara ma ciwo murya, ketamin su yake toshewa. Shi ya sa wani lokaci yake aiki inda tramol da morfin sunka kasa, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Kuma ba sabon magani ba ne, tun 1962 anka haɗa shi a Amurka, 1970 anka yarda a riƙa sa mutane barci da shi, yana cikin jerin magunguna na dole na Hukumar Lahiya ta Duniya. Mata da yawa da anka yi ma aikin haihuwa a asibitocinmu na karkara da shi anka yi, don ba ya danne numfashi kamar sauran. Likitocin dabbobi ma suna da shi. Wannan samuwar tashi ita ke ruɗin mutane, su ga kamar abu ne da kowa zai iya ratayawa a ƙusa.

Ni kwana biyar a jere anka yi min, kullum kamar awa huɗu. Kahin nan sai da anka auna nauyina, anka yi analiz na hanta, anka duba zuciya da tansiyo, wato hawan jini, anka tambaye ni ko na taɓa ciwon taɓin hankali ko shaye-shaye. Abin da ake sawa kaɗan ne ƙwarai bisa ga na aikin tiyata, inji ke tura shi sannu sannu, ga abin tansiyo a dantse yana matsa ka kowane ɗan lokaci, ga wani a yatsa, malamar asibiti na zaune kusa. Ranar farko Hajiya, wallahi na ga silin yana nisa yana nisa, muryar ƙanena da ke bakin gado kamar daga cikin rijiya take hitowa, na ji ni daban jikina daban, na kama salati don na ɗauka tahiyar ce ta zo. Tansiyona ya hau, zuciya na dukan tara tara, nan take sunka rage gudun injin sunka sa min midazolam abin ya lafa. Amai kuwa na yi shi har sau biyu. Yanzu ki ɗauko wannan ki kai shi ɗakinki, wutar lantarki ta ɗauke, mai allurar ya karɓi kuɗinshi ya tahi wani gida, wa zai rage, da mi za a auna? Don Allah kar ki bar mutumen nan ya shigo muku da kwalba, ko da ko ɗan uwa ne.

Ya yi aiki? Ya yi, amma ba yadda na sa rai ba. Ana tambayarka ciwo daga 0 zuwa 10, na shiga da 9 na hito da 3 ko 4, na yi barcin da rabona da shi tun kahin haɗarin. Wata biyu da ɗan kai sai ya fara dawowa. Raina ya ɓaci, sai likita ya tuna min ai ya faɗa tun farko, ƙungiyoyin likitocin ciwo na Amurka ma a jagorar da sunka hitar a 2018 abin da sunka samu ga CRPS sauƙi ne da kan kai har sati 12, ga ciwon baya na yau da kullum ko ciwon kai kuwa hujjar ba ta da ƙarhi. Masu sikila akan ba su shi a gadon asibiti in ciwo ya tashi morfin ya kasa, wannan kuma zance ne daban.

Abin da ya cece ni wata biyun nan ban kwanta ba. Da can mai kine, wato ma'aikacin asibiti mai motsa gaɓoɓi, ko taɓa hannun bai iya yi, yanzu sai ga shi yana lanƙwasa yatsu, ina goga auduga, daga baya tawul, daga baya ina cusa hannun cikin kwaryar gero ina damƙa. Har madubi ya sa ni in aza tsakanin hannuwa in riƙa motsa mai lahiyar ina kallo, na yi ta dariya da farko, to ya taimaka. Ko da ciwon ya dawo ya tarad da hannu na motsi. An sake min zagaye na biyu bayan wata shida, bai kai na farko ba, likita ya ce mu tsaya nan don yawan maimaitawa na taɓa hanta, masu shan shi don maye kuma mahitsara yake lalata musu. Yau ina ɗinki rabin yini, ina shan amitiriptilin da dare bisa ordonansi, ɗinkin salla na kwana zaune dai na bar ma yara.

Ku fara da likitan ƙashi ko na jijiya ya tabbatar wane irin ciwo ne, don mai ciwon suga ma ƙafarshi na ƙuna kuma maganinshi daban. In ya ga ya dace shi zai haɗa ku da likitan anastezi, wato mai sa barci wurin tiyata, ku kuma shirya mai kine tun kahin a fara, da kuɗin mota da na masauki don suna ci kamar maganin. Ki faɗa min Hajiya, mai gida na da tansiyo ko ciwon zuciya? Kuma yanzu tramol nawa yake sha a yini, ki tambaye shi tsakani da Allah, don likita sai ya tambaya.