Cek ɗin da aka ba ni ya dawo babu kuɗi, ya zan yi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, akwai wani mai otal a Ikeja da nake kai wa kaya, ya rubuta min cek na miliyan 2 da dubu 300, na kai banki suka dawo min da shi wai babu kuɗi a akawun ɗinsa. Tun daga nan kullum gobe kullum jibi, yanzu kuma wai in maido masa da cek ɗin zai turo min ta waya. 'Yan uwa na cewa in kai shi wajen 'yan sanda kawai. Mece ce mafita? Daga wani mai karatu, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Don Allah kar ka kuskura ka maida masa cek ɗin nan ko da ya rantse maka da me, wannan takardar da hatimin banki a kanta ita ce babbar hujjarka, ka yi mata hoto ka adana ainihinta, ka haɗa da rasit ko littafin da kake rubuta buhunan da ya karɓa, da duk saƙonnin WhatsApp ɗin da yake cewa zai biya.

A Najeriya ba da cek alhali ka san babu kuɗi laifi ne tun dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara, in dai an kai cek ɗin banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa, kuma EFCC na kama irin waɗannan. Amma gaskiya Alhaji kai kuɗinka kake nema, ɗaure shi ba zai biya direban da ya taso maka da kaya daga Aliero ba, kuma kotuna sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne, wani ma sai ya juya ya kai ka ƙara cewa ka sa an tsare shi.

Hanyar da na fi so gare ka ita ce kotun ƙananan basussuka da jihar Legas ta buɗe a 2018 a kotunan majistare, tana sauraron abin da bai wuce miliyan 5 ba, ba dole sai da lauya ba, ka fara aika masa takardar neman biya ka ba shi kwana 14, in ya yi burus sai ka shigar da ƙara, kuma an tsara a yanke hukunci cikin kwana 60. In ka yi nasara ya ƙi biya kotu na iya sa a cire kuɗin daga akawun ɗinsa na wani banki ko a kwashe kayansa a sayar. Doka ta ba ka damar neman kuɗin ruwa a kai, na san da yawa daga cikinmu ba ma so saboda addini, ba laifi ka nemi uwar kuɗinka da abin da ka kashe wajen shari'a kawai.

In kana ganin mu'amalar taku ba ta mutu ba akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin Legas, kyauta ce, ku zauna ya sa hannu a rubuce yadda zai biya kashi-kashi. Abin da ba na so shi ne ka biye wa gobe da jibi, domin bashi irin wannan in ya wuce shekara 6 kotun Legas ba za ta saurare ka ba. Wannan satin ka aika masa takardar.